Ƙyallen Rigar Gaspare

Torino, 11 ga Janairu

Fulvio,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da bironka. Ban sani ba ko a ofishinku na Roma har yanzu ana karanta takardar da aka rubuta da hannu, ko sai ta sha hatimi uku tukuna. Ni ce Ornella, matar yayanka, in ka manta.

Jiya aka yi wa Gaspare addu'ar kwana talatin a coci. Ranar jana'iza na hango ka can baya kusa da ƙofa, kafin in juyo ka sulale. Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba, amma na gan ka, ka sani.

Tunda ka daɗe a cikin takardu, bari in tuna maka abin da ka sani. Shekara talatin da takwas yayanka yana walda a ma'aikatarmu, yana haɗa jikin kumbon dako, ni kuma ina ɗinka bargon da ake naɗe kumbon da shi saboda zafi da sanyin can sama. Kumbo ya kai wa mutanen tashar sararin samaniya abinci da ruwa da kayan gyara, su kwashe, su cika shi da shararsu, su sake shi ya ƙone ƙurmus a kan teku. Haka muka tsufa, muna ƙera abin da ba ya dawowa.

Ka tuna lokacin da tsoho Battista, abokin aikinmu, ya rasu? Gaspare ne ya sa almakashi ya yanke ƙyallen nan na ƙirjin rigar aikinsa, mai ɗauke da sunansa, ya kawo mini ya ce, "Ornella, saka shi a tsakiyar bargon. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana tura ƙarfe sama, ai ya kamata ya leƙa ya ga inda yake zuwa." Daga nan abin ya zama namu. Duk wanda ya rasu a cikinmu, sunansa zai hau kumbo na gaba ya ƙone tare da shi. Suna talatin da ɗaya na ɗinka da hannuna. A lokacin kai ne mai sikeli, kai ke auna kowane bargo kafin ya fita, kuma duk ranar da aka kawo mai suna a ciki sai tari ya kama ka, ka tsaya kana duban rufi.

To, yanzu layi ya zo kan Gaspare, kuma babu kumbo. Tsarin nan da kuka rubuta ya ce gwamnati ta daina sa a ƙera mata jirgi, dako kawai za ta riƙa saye, kilo kaza ga duk kamfanin da ya yi tayi mafi arha. Kumbonmu na ƙarshe ya tashi a watan Oktoba, yayanka yana kwance a asibiti yana kallo a talabijin. Mutumin da ya sama wa kowa wurin zama, shi ya rasa.

Ƙyallen yana nan cikin gwangwanin maɓallaina. Da hannunka aka rufe hanyar nan, sai ka nemo masa wata.

Ka huta lafiya.
Ornella

Roma, 24 ga Janairu

Zuwa ga matar yayana, Ornella,

Gaisuwa mai yawa tare da ta'aziyya, wadda ya kamata a ce na yi miki baki da baki. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri. Takardarki ta iso, kuma ba ta buƙaci hatimi ba.

Zan fara da gyara guda ɗaya. Ba ni kaɗai na rubuta tsarin ba, kwamiti ne na mutum goma sha ɗaya. Gwamnati ba za ta iya ci gaba da ƙera sabon kumbo kowane wata takwas don a ƙone shi ba, alhali akwai kamfanonin da kumbonsu ke zuwa ya dawo a sake amfani da shi. Na faɗa wa Gaspare haka a teburinki ranar Kirsimeti shekara biyu da suka wuce. Kin ji amsar da ya ba ni. Ya ce, "Da kana auna mana bargo, yanzu mu ka ɗora a sikeli ka sayar." Tun ranar ban sake taka matakalar gidanku ba, kuma a coci ƙafata ta ƙi wuce bencin ƙarshe.

Game da buƙatarki, ina baƙin cikin sanar da ke cewa ba za ta yiwu ba. Sabon kumbon ba namu ba ne, na kamfanin da ya ci kwangila ne. Duk abin da zai shiga cikinsa, in ya kai giram ɗaya, yana da lamba da hoto da sa hannun mutum biyu. Zamanin da mai sikeli zai yi tari ya wuce.

Kada ki ɗauka na manta. Akwai safiyar da nake hawa matakalar ofis sai warin walda ya bugi hancina, alhali babu mai walda ko ɗaya a unguwar. Ina tuna ɗakin cin abincin ma'aikata da polenta, tuwon masarar nan na ranar Alhamis, da yadda Gaspare ke ture mini rabin namansa ba tare da ya dube ni ba. Ina tuna yadda duk zauren ke yin tsit idan an ɗaga kumbo za a sa a mota, mutum ɗari biyu, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa.

Daga wace riga kika yanke ƙyallen? Shuɗiyar nan da tartsatsi ya ƙona wa aljihu?

Naki da girmamawa,
Fulvio Vottero

Torino, 2 ga Fabrairu

Fulvio,

Ina gaisuwa. Na ga har da sunan mahaifinku ka sa a ƙasan takarda, kada in ɗauka wani Fulvio ne. Na gode. Na kuma gode da darasin kwamiti, na karanta wa kyanwata, ita ma ta gamsu.

E, shuɗiyar ce. Sau uku ina jefa ta a shara yana tsamo ta.

Shekaranjiya na bi ta ma'aikata. Babban zauren ba kowa, an share ƙasa tas, sai sawun inda injuna suka zauna. Tantabaru sun samu gida a saman ƙugiyar ɗaga kaya. Na tsaya a inda keken ɗinkina yake a da, kusa da tagar da ba ta rufuwa, na ji kamar in miƙa hannu in ɗauki almakashi. A wurin nan yayanka ya fara yi mini magana, da fuskar walda a goshinsa, wai ko ina da zaren da zai ɗinka maɓalli. Maɓallin yana hannunsa, shi ya tsinke shi da gangan, zaren ma bai gama fita ba. Na ce masa in zai yi ƙarya ya riƙa yin mai kyau. Ina kewarsa, Fulvio. Ina kewar har hayaniyar da nake zagi kullum.

A ɗan ɗakin baya kawai ake aiki yanzu. Mirella, wadda na koya wa riƙe allura, ita da mata huɗu suna ɗinka jakunkunan zuba kaya na sabon kamfanin. Abin da ya rage mana ke nan daga sararin samaniya, jaka.

Akwai abin da na ɓoye maka a takardar farko. Kwana uku kafin ya cika, Gaspare ya riƙe hannuna ya ce, "Maganar ƙyallen nan, ki bar ta. Kada ki roƙi Fulvio." Na ce ai na sani, ba zai yi ba. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ke ba ki san yaron nan ba. Zai yi. Zai yi, su kore shi, shi kuma ba shi da kowa sai ofishin nan. Ki ƙyale shi."

Na saɓa masa, na roƙe ka. Kusan shekara arba'in ina saɓa masa, ba yanzu zan tuba ba. Da ka ce ba zai yiwu ba, na ce a raina to ga shi, sau ɗaya dai na fi Gaspare sanin ƙaninsa. Ban ji daɗin cin wannan gardamar ba.

Ba zan sake dame ka ba. Ka riƙa cin abinci, a coci na ga kwat ɗinka ta yi maka yawa.

Ornella

Roma, 19 ga Fabrairu

Ornella,

Ina gaishe ki. Sati biyu takardarki tana aljihuna. Wannan ba daga ofis nake rubuta ta ba, in kin karanta ki sa a murhu.

Sabon kumbon kashi biyu ne. Gaba yana dawowa ƙasa da kayan bincike, ya faɗa teku da lema a tsamo shi. Baya kuwa ana cire shi a hanya ya ƙone, kamar namu na da, kuma a cikinsa 'yan sama jannati ke tura shararsu. Jakunkunan sharar suna tafiya a ninke ba komai a ciki, kuma su Mirella ne ke ɗinka su. Za a karɓi sabon rukunin jakunkunan ranar goma ga Maris. Mutum biyu ke sa hannu. Na nemi a ba ni duba wannan rukunin da kaina, na biyun kuma ba ya karanta abin da na riga na sa wa hannu.

Ki je wurin Mirella ki ɗinka jaka ɗaya. Ki sa ƙyallen a cikin ninkin gindinta. Na auna irinsa a sikelin kicin, daga tsohuwar rigata da ban san ina ajiye da ita ba, giram huɗu ne. Zan yi tari.

Yanzu ki saurara da kyau, domin na san ki. Jakar shara tana da ƙa'idarta: madauri ruwan lemo, siririn zare, ɗinki layi ɗaya. Ni na rubuta ƙa'idar, don abin da za a ƙone ba ya buƙatar ƙarko. Dole jakarki ta zama daidai da sauran saba'in da tara. Kada ki gyara, kada ki ƙawata, kada ki nuna wa kowa cewa Ornella ce ta yi. Layi ɗaya.

Da gaske "yaron nan" ya ce? Shekarata sittin da uku.

Fulvio

Torino, 6 ga Satumba

Fulvio,

Gaisuwa da godiya. Na yi shiru wata shida kamar yadda ka so, kada takardata ta ja maka ido. Yau dai sai na rubuta, ko da za su kama mu mu biyu.

Ban taɓa ba ka labarin ranar ɗinkin ba. Na je da safe, Mirella ta tashi daga kekenta, ta ce wa sauran su zo su sha kofi. Da na zauna ƙafata ta sami wurinta ita kaɗai. Amma zaren nan naka, Fulvio. Ko buhun dankali ba zan ɗinka da shi ba. Na ja shi kaɗan ya tsinke a hannuna. Na dubi ƙyallen, na dubi jakar, na ce yanzu mutumin da ko sau ɗaya waldarsa ba ta taɓa tsagewa ba, a cikin wannan zai yi tafiya? Madaurin dai ruwan lemo ne kamar yadda ka ce. Sauran kuma na yi abin da ya kamata. Daga waje ba mai ganewa, kai ma ga shi ba ka gane ba.

Jiya ce ranar da ka ce za a saki bayan kumbon. Mun taru a gidana kamar yadda muke yi a ɗakin cin abincin ma'aikata a da. Mu goma sha huɗu, har da Renzo mai fenti, da aka turo a keken guragu. Na yi miyar tafarnuwa da ƙananan kifi, aka kewaye tukunya ana tsoma kayan lambu, gidan ya ɗauki warin da sai an kwana uku ana buɗe taga. Renzo ya ce, "Gaspare a jakar shara. Da yana nan da ya ce an dai san darajarsa a ƙarshe." Mirella ta ce, "Kai in lokacinka ya yi a jakar safa za mu sa ka." Aka yi ta dariya.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin Renzo ya dubi agogo ya ɗaga hannu. Muka miƙe, masu iya miƙewa. Ka san ba a ganin komai, abin yana faruwa can bayan duniya a kan ruwan da ba kowa. Kullum bango muke kallo. Amma na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na ce a raina, to ka isa, ka gaida Battista. Na yi kuka, na kuma ci abinci sosai, karo na farko tun Disamba.

Na ajiye maka kujera da faranti. Ba ka zo ba, kyanwa ta hau. Duk da haka ka cika ɗan'uwa, kuma yayanka ya fi ni gaskiya.

Taka,
Ornella

Roma, 28 ga Satumba

Ornella,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Gaspare bai ƙone ba. Yana nan wurina.

Ranar Litinin rahoto ya iso daga wurin da ake kwance kayan da suka dawo. A cikin gaban kumbon, tsakanin jakunkunan bincike, an sami jaka ɗaya mai madauri ruwan lemo. Zik ɗin wata jakar kwalaben gwaji ya lalace a tasha, sai 'yar sama jannatin da ke shirya kayan dawowa ta zazzage jakunkunan shara tana neman madadi. Ta rubuta a takardarta cewa ta ja gindin guda ashirin da hannu, wannan kaɗai ta yarda ta zuba aikin wata biyar a ciki. Kwalaben sun iso ko ɗaya bai fashe ba.

Mai duba kaya ya yi mamakin jakar, ya juya cikinta. Ɗinki layi biyu, da zaren bargo irin na da, an kuma ƙarfafa kowace kusurwa. Daga gida kika zo da zaren, ko ba haka ba? Ya farke gindin, ya sami ƙyalle shuɗi, giram huɗu, ba shi da lamba. An rubuta G. Vottero. A ƙasan takardar karɓar jakunkunan kuma an rubuta F. Vottero. Ba su sha wahalar bincike ba.

Na rubuta musu cewa ni na sa a yi, ni kaɗai, ban ambaci Mirella ko ke ba. Sun yi mini mutunci, sun ce in ajiye aiki da kaina ƙarshen wata. Wani a kwamiti ya tambaya me ya sa sauran jakunkunan ba su kai wannan ƙarko ba. Na ce ya duba sunan wanda ya rubuta ƙa'idar.

Da farko na yi fushi da ke. Na ce layi ɗaya, sau biyu na faɗa. Daga baya na ɗauki jakar na bi ɗinkin da yatsa, sai na ga kaina a bakin sikeli ina ɗan shekara ashirin da biyar, kina jefo mini bargo kina cewa in auna in daina kallon mutane. Laifina ne. Na san ba ki taɓa fitar da layi ɗaya ba, na kuma ba ki sunan mijinki na ce ki yi.

Ki yafe mini. Kun miƙe tsaye, kin yi bankwana, ni kuma na zo na kwance miki shi. Ba ni da sauran sa hannu, ba ni da wata hanyar da zan sake tura shi. Sun ba ni ƙyallen a ƙaramar leda. Ban iya ajiye shi a aljihun tebur ba, a aljihun ƙirjina yake kwana biyar ke nan. Ki gaya mini ko in aiko miki ta gidan waya.

Ƙaninki,
Fulvio

Torino, 1 ga Oktoba

Fulvio,

Ina gaisuwa. Na zauna kamar yadda ka ce, na karanta, na yi dariya har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango. Daga nan na yi kuka.

Shekara talatin da takwas Gaspare yana cewa bai taɓa ƙera abin da ya dawo ya gaya masa yadda can take ba. Ga shi ya je da kansa, ya yi wata biyar, ya juyo gida. Ban warware ko layi ɗaya ba, ko da za a sake ba ni jakar.

Aikinka kuwa, ya faɗa tun yana asibiti, ni na ƙi ji. Wannan nawa ne, zan ɗauka.

Kada ka kuskura ka sa shi a gidan waya. Ya yi doguwar tafiyar shi kaɗai. Ɗan guntun nan daga Roma zuwa Torino, kai za ka rako shi. Akwai jirgin ƙasa mai isowa ƙarfe ɗaya ranar Alhamis, zan dafa polenta.

Ka hawo matakalar har sama, ku biyun.

Ornella